Yadda Ake Zaƙulo Gem Mai Daɗi Wanda Jama'a Suka Tsallake

Shiga gidan gem a Kano ko Zariya ko Maraɗi bayan la'asar, abin da za ka tarar kusan ɗaya ne. Talabijin uku ana ƙwallo, ɗaya ana Mortal Kombat, a lungu kuma wani yaro yana tsere da 'yan sanda a GTA. A waya ba ya wuce Free Fire, PUBG, Call of Duty da Dream League. Ni ma a nan na taso, kuma har gobe ina buga ƙwallo. Sai dai na fi shekara goma da wata al'ada: da na gama gem ɗin da kowa ke magana a kai, sai in nemo wanda ba a maganarsa. A hankali na gane cewa da yawansu sa'a ce kawai ba su taka ba. Wani ya fito mako ɗaya da wani ƙato, wani masu shi ba su da kuɗin talla, wani ya zo lokacin da na'urarsa ke bankwana da kasuwa. Mu da ke fama da tsadar data, da ɗauke wuta, da kwamfuta ta hannu, irin waɗannan su suka fi dacewa da mu, domin sun fi araha, ba su da nauyi, kuma akasarinsu ba ruwansu da intanet.

Abin da za ka tanada

- Na'urar da kake da ita yanzu: wayar Android, kwamfuta, PS2, PS3 ko PS4. Kada ka sayi sabuwa don wannan aikin.
- Data kaɗan ta bincike, da data ta dare ta saukewa.
- Filash ko katin memori mai sarari, aƙalla 32GB.
- Pad, wato abin riƙewa mai maɓallai da ake buga gem da shi, idan a kwamfuta za ka buga. Mai igiya ya fi araha, kuma ba ya neman caji.
- Asusu a Steam, GOG da Epic Games Store, kantunan sayar da gem ɗin kwamfuta a intanet. Buɗewa kyauta ne, imel kawai ake nema.
- Ƙaramin littafi, ko wurin rubutu a waya. Mutane suna raina wannan, alhali shi ne rabin aikin.

Mataki na 1: San ƙarfin na'urarka

Nan mafi yawan masu farawa ke yin asara. Mutum zai ƙone data dare biyu yana sauke gem, ya buɗe, hoto ya riƙa cijewa kamar motar da mai ya ƙare mata. A kwamfuta mai Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta dxdiag, ka danna Enter. Shafin farko zai nuna maka sunan injin da yawan RAM. Shiga shafin Display ka ga sunan katin girafik. Rubuta ukun nan a littafinka. Idan ka ga Intel HD ko Intel UHD kaɗai, mai yiwuwa kwamfutarka ba ta da katin girafik na daban, don haka ka karkata ga gem ɗin da suka fito kafin 2012 ko kuma masu zanen hannu. A waya, shiga Settings, sannan About phone, ka duba RAM da sararin da ya rage.

A ƙasan shafin kowane gem a Steam akwai jerin ƙarfin da yake buƙata. Kwatanta da abin da ka rubuta. Idan na'urarka ta tsaya daidai kan mafi ƙarancin abin da aka nema, ka sa a ranka za ka rage kyawun hoto.

Mataki na 2: Bi sawun waɗanda suka ƙera abin da kake so

Rubuta gem uku da ka fi jin daɗinsu, ka nemo sunan kamfanin da ya ƙera kowanne. Lura, mai ƙerawa daban, mai sayarwa daban, kamar maɗinki ne da mai kanti. Maɗinkin za ka bi. Bincika duk abin da suka taɓa yi, za ka tarar kusan kowane kamfani yana da ɗan da ba a san shi ba.

Ga misalai daga littafina. Duk wanda ya buga God of War a PPSSPP, manhajar da ke buɗe gem ɗin PSP (ƙaramar na'urar hannu ta Sony) a waya, ya ga aikin kamfanin Ready at Dawn, su suka yi Chains of Olympus a 2008 da Ghost of Sparta a 2010. Kafin su, a 2006, sun yi Daxter, gem ɗin tsalle-tsalle da feshin ƙwari, mai ban dariya, wanda yara za su iya kallo. Masu son Days Gone su nemi Syphon Filter: Dark Mirror, aikin Bend Studio ne na 2006, kuma yana cikin gem ɗin harbi mafi tsari a PSP. Mai son Apex Legends ya koma baya ga Titanfall 2 na Respawn. Mai son Just Cause ya duba Mad Max na Avalanche. Mai son Dishonored ya nemi Prey na 2017 daga Arkane.

Mataki na 3: Duba ranar fitowa

Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini aiki. Manyan kamfanoni suna cunkusa kayansu tsakanin Satumba da Nuwamba, saboda sayayyar ƙarshen shekara a Amurka da Turai. Duk wanda ya shigo kasuwa a ranar da manya suka baje koli, ba mai jin tallarsa. Zaɓi shekara ɗaya, nemo jerin gem ɗin da suka fito a waɗannan watanni, ka tsallake sunayen da ka sani, ka bincika sauran.

Titanfall 2 ya fito ranar 28 ga Oktoba 2016, mako ɗaya bayan Battlefield 1, mako ɗaya kafin Call of Duty: Infinite Warfare. An matse shi tsakanin giwaye biyu. Labarinsa bai wuce awa shida ba, kai da wani ƙaton mutum-mutumi mai suna BT, amma akwai wani zango a ciki da har yau ban ga irinsa ba. Za a ɗaura maka wata na'ura a hannu, da ka danna maɓalli ɗaya sai ka koma shekarun baya a daidai inda kake tsaye. Yanzu kana cikin ƙonannen gini, namun daji na bin ka, ga wuta ta tare hanya. Ka danna, sai ga ginin sabo fil, fitilu a kunne, masu gadi sun juyo da bindigogi. Ka sake dannawa kana tsakiyar tsalle, ka sauka a kan katangar da babu ita a ɗaya zamanin. Yana neman RAM 8GB da sarari 45GB a kwamfuta, don haka idan taka ba ta kai ba, nemi faifan PS4 na hannu.

Mad Max ya fito ranar 1 ga Satumba 2015, rana ɗaya da Metal Gear Solid V. Hamada ce, ruwa da mai su ne dukiya, kana haɗa motarka guntu-guntu daga tarkace, guguwar yashi na iya tasowa kana tsakiyar faɗa. Awa biyun farko suna da ɗan sanyi, ka yi haƙuri da su. Beyond Good & Evil ya fito ƙarshen 2003 tare da Prince of Persia: The Sands of Time, kuma Ubisoft ce ta fitar da su duka, ɗaya ya danne ɗaya. Jarumarsa Jade mai ɗaukar hoto ce, da kyamara take tona asirin gwamnati, tana kuma ɗaukar hoton dabbobi don samun kuɗin kula da marayun da ke hannunta. An sake fitar da shi da gyararren hoto a 2024.

Sai Okami, na Clover Studio a ƙarƙashin Capcom, wanda ya zo PS2 a 2006 lokacin da idon kowa ya koma kan PS3. Bai yi ciniki ba, aka rufe Clover a 2007. Farin kyarkeci kake sarrafawa a duniyar da aka zana kamar da tawada. Da ka riƙe maɓalli, allon zai koma takarda, alƙalami ya fito. Zana da'ira a sama, rana ta fito. Ja layi a kan dutse, ya tsage biyu. Zagaye busasshiyar bishiya, ta yi fure nan take. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami da tawada zai ji wani abu a hannunsa. Labarinsa an gina shi ne a kan tatsuniyoyin allolin Japan, ka san da haka kafin ka fara. Ya haura awa talatin.

Mataki na 4: Karanta ra'ayin waɗanda suka saya

A Steam, kowane gem yana da hukuncin masu saye. Idan an rubuta Very Positive, aƙalla kashi 80 cikin 100 sun yaba. Overwhelmingly Positive kuwa kashi 95 ne zuwa sama, daga mutum 500 ko fiye. Abin da kake nema shi ne gem mai yabo da yawa amma masu ra'ayin ba su da yawa, wato 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai. Wannan alama ce ta abu mai kyau da bai yaɗu ba.

Kada ka tsaya a lamba. Kusa da sunan kowane mai ra'ayi Steam na nuna awa nawa ya buga. Nemo waɗanda suka kushe bayan sun yi awa goma ko fiye, su ne za su gaya maka gaskiyar aibin. Sannan ka auna, aibin nan ya dame ni? Sau da yawa za ka ga ana kushe gem don gajere ne ko don ba a buga shi da mutane ta intanet, alhali wannan ne ma kake so. A Play Store ka yi hattara da taurari biyar masu kalma ɗaya ko biyu, akwai na saye a cikinsu. Karanta masu tauraro uku.

Mataki na 5: Kalli wasan da idonka

Bidiyon talla ba shaida ba ne. Shiga YouTube, rubuta sunan gem ɗin ka ƙara "no commentary", za ka samu wanda ake bugawa ba surutu. Rage ingancin hoton zuwa 360p don data, tsallake minti ashirin na farko, ka kalli minti biyar daga tsakiya. Daga nan sake bincikawa da sunan gem ɗin tare da sunan katin girafik ɗinka. Kusan kullum akwai wani a Indiya ko Brazil da ya gwada shi a kwamfuta irin taka, ya nuna saitin da ya yi amfani da shi. Shafin HowLongToBeat zai gaya maka tsawonsa.

Mataki na 6: Tambayoyi uku kafin ka fitar da kuɗi

Na farko, yana aiki ba intanet? Wasu gem ɗin mutum ɗaya ke buga su amma sai an haɗa su da intanet kowane lokaci. Shafin sayarwa yakan faɗa, masu ra'ayi ma sukan koka.

Na biyu, yaya ake ajiye inda aka tsaya? Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, gem ɗin da sai ka yi minti arba'in kafin ya ajiye zai sa ka jefar da pad. Nemi mai ajiyewa da kansa akai-akai, ko wanda za ka ajiye duk lokacin da ka so. Irin wannan ne kuma za ka tsayar idan an kira salla ko an aike ka, ka dawo ka tarar da shi yana jiranka, abin da ba ya yiwuwa a wasan intanet.

Na uku, me ke ciki? Duba alamar shekaru a jikin kwali ko a shafin: PEGI ta Turai tana da 3, 7, 12, 16 da 18, ESRB ta Amurka tana amfani da haruffa, M na manya ne. Sleeping Dogs na 2012 misali ne. Ɗan sanda ne mai suna Wei Shen ya kutsa cikin 'yan daba a Hong Kong, faɗan hannunsa ya fi na GTA nesa ba kusa ba, kasuwar dare da hayaniyarta kamar kana ciki. Amma na manya ne, akwai jini da ashar, ba na falon da ƙannenka ke zaune ba ne. Psychonauts na 2005 kuwa, inda wani yaro ke shiga cikin tunanin mutane yana warware damuwarsu, ya fi sauƙin kallo a gida, kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa.

Mataki na 7: Saya da araha

Kada ka sayi tsohon gem a cikakken farashi. Sa shi a jerin Wishlist na Steam, za a turo maka imel idan an yi rangwame. Manyan rangwamen suna zuwa ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma irin gem ɗin da na lissafa sukan faɗo ƙasa da rabin kuɗinsu. Shafin SteamDB yana nuna mafi ƙarancin farashin da aka taɓa sayar da kowanne, da shi za ka san ko rangwamen yau na kirki ne. Epic Games Store yana ba da gem kyauta duk ranar Alhamis. Karɓa ko ba ka da datar saukewa a ranar, ya zama naka. GOG kuwa yana ba ka fayil ɗin sakawa gaba ɗaya, ka sauke sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, ka ajiye a filash, ka saka ba tare da intanet ba.

Idan katin bankinka bai biya a ƙasashen waje, akwai katin kyauta na Steam da na PlayStation, wato gift card da ake saya a zuba kuɗinsa a asusu, amma ka saya daga wanda ka amince da shi, kuma na PlayStation dole ƙasarsa ta dace da ƙasar asusunka. Mai PS3 ko PS4 ya zagaya wajen masu faifai na hannu. Faifan ƙwallo na bana shi ke tsada, wanda ba a sani ba yakan kwanta a ƙasan kwali da ƙura, mai shago na neman wanda zai raba shi da shi. Juya bayan faifan a haske ka duba karce, ka sa a gwada shi a gabanka.

Jira yana da iyaka. Spec Ops: The Line na 2012, labarin sojoji uku a Dubai da yashi ya binne, wanda ke sa mai wasa ya tsaya ya tambayi kansa me yake aikatawa, an cire shi daga kantunan intanet a Janairun 2024 saboda ƙarewar lasisi. Yanzu sai a faifai. Idan abin da ke jerinka ya faɗo farashin da za ka iya, ɗauka.

Gargaɗi babba: guji shafukan da ke alkawarin gem mai tsada kyauta, ko wanda aka buɗe masa kuɗi marar iyaka. Na taɓa sauke irin wannan a wayata, kwana biyu talla ta riƙa faɗowa ko ina cikin kiran waya, batir na zuba, ƙarshe sai da aka yi mata filashin a kasuwa, hotunan bikin ƙanwata duk suka tafi.

Mataki na 8: Ba shi awa biyu

Steam yana mayar da kuɗi idan ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. GOG yana ba da kwana 30. Don haka ka sauke da wuri, ka duba agogo. Minti goma sha biyar na farko na saiti ne: rage girman hoto zuwa 720p, kashe inuwa ko ka rage ta, ka ga ko yana tafiya sumul. Idan tsohon gem ya ƙi buɗewa ko bai ga pad ɗinka ba, nemi sunansa a PCGamingWiki, yawanci gyaran yana nan a rubuce. Sauran lokacin ka buga tsakani da Allah. Idan ka tashi kana tunanin abin da zai biyo baya, riƙe shi. Idan kana duba waya kana hamma, mayar, ko da duniya ta yabe shi. Rubuta sunansa da dalilinka a layi ɗaya, bayan gem goma za ka ga littafin ya fara gaya maka abin da kake so tun kafin ka saya.

Wanda ba ya son fitar da ko sisi ya jira Steam Next Fest, ana yin sa a Fabrairu, Yuni da Oktoba, ƙananan kamfanoni na sakin ɗanɗanon gem ɗinsu kyauta.

Idan waya kawai gare ka

Matakan duk ɗaya ne, sai dai Play Store yana tura maka masu talla da masu neman kuɗi a gaba, don haka da suna za ka nema. Data Wing kyauta ne, babu talla, tsere ne na ɗan kibiya da ke samun gudu idan ta goga bango, da labari mai taɓa zuciya. Shattered Pixel Dungeon ƙarami ne ƙwarai, ba ya neman intanet, kowane zagaye sabon tsari ne, sai dai zai kashe ka sau da yawa kafin ka koyi yin tunani kafin taku. The Battle of Polytopia yaƙin dabara ne da mutum biyu ko uku za su buga a waya ɗaya suna miƙa wa juna, ya dace da zaman majalisa. Mini Metro na kuɗi ne kaɗan, kana zana layukan jirgin ƙasa a birane irin su Landan da Alƙahira, fasinjoji na ƙaruwa har tasha ta cika.

Masu PPSSPP, ƙa'ida ita ce fayil ɗin ya fito daga faifan da ka mallaka. Bayan Daxter da Syphon Filter, nemi Jeanne d'Arc na Level-5 idan kana son wasan dabara irin na dara, sai kuma Patapon. A Patapon maɓallai huɗu ganguna huɗu ne, da kiɗa kake ba runduna umarni, kamar yadda makaɗan fada ke magana da tambari. Pata-pata-pata-pon su yi gaba, pon-pon-pata-pon su kai hari, ka kuskure kiɗan su tsaya cirko-cirko. Kada ka buga shi da abin kunne na Bluetooth, sautin yana makara, kiɗan zai riƙa kuɓuce maka. Sa mai igiya. Idan hoto na cijewa, mayar da girmansa 1x a saitin PPSSPP. Sony ta sake fitar da Daxter da Jeanne d'Arc a PS4 da PS5 a 2024, ga mai son saya kai tsaye.

Akwai ɗaya da nake so kowa ya sa a jerinsa. Aurion: Legacy of the Kori-Odan aikin Kiro'o Games ne, matasan Yawunde a Kamaru ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fito a Steam a 2016. Yarima Enzo ne, ɗan'uwan matarsa ya yi masa juyin mulki ranar naɗinsa da aurensa, shi da amaryarsa Erine suka bazama neman ƙarfin kakanninsa. Zanen hannu ne, tufafi da kiɗa da sunaye duk na nahiyarmu, faɗan yana da sauri kuma yana da wuya. Da pad ake jin daɗinsa, ka saita maɓallan tun kafin faɗan farko, kuma idan ya yi maka zafi ka rage wahalar daga saiti.